Jinjina ga 'Yan Dakon Kasuwar Kurmi

Baƙon da aiki ya kawo Kano, ya shiga Kasuwar Kurmi neman layin dukawa, yakan yi ta zagaye lungu ɗaya har la'asar. Ɗan dako ne ke fitar da shi: ya gyara gammo a ka, ya ce, "Alhaji, biyo ni." Wani zai ce ai akwai Google Maps. Taswirar waya ta san manyan tituna, amma lungunan kasuwar da ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa sai wanda ya taka su da kaya a kai. In kuma don kuɗi yake yi, ai guminsa ne. Idan ya raka ka, ka sallame shi da mutunci.