Gwanintar Masu Banda: Yadda Kifi Ke Isa Tukunyar Arewa

Daga Sukukutane zuwa bakin teku, in mutum ya bi hanyar mota ta Dogondutsi, Dosso da Gaya har Kwatano, zai ci fiye da kilomita 1000. Ko kogin Kwara a Gaya, tafiyar kusan kilomita 300 ce daga Dogondutsi in an bi ta Dosso. Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa ƙasar Arewa, ya daina gudu tun dubban shekaru. Ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, inda masu lambu ke cim masa da rijiya, su shayar da farar albasar nan da ta fitar da sunan Sukukutane. Duk da haka, ka shiga kasuwannin ƙasar ranar cinsu, da wuya ka rasa tire ko kwali na kifi baƙi-baƙi mai sheƙi, an jera shi kusa da masu kuka da daddawa. Kifin nan bai zo da ƙafarsa ba. Akwai hannun da ya tsare shi daga ruɓewa, kuma aikin wannan hannu ilimi ne cikakke, ko da masu shi ba su taɓa zama a aji ba.

Sai an san abokin gabar kafin a gane girman aikin. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin ɗanyen kifi ruwa ne. Da ya bar numfashi, ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa da yauƙin fatarsa sai su fara cin naman. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, kifin da aka kama da asuba in ba a yi masa komai ba, kafin la'asar ya juya. Ga ƙuda kuma yana jira ya zuba ƙwai a ido da baki. Babu ƙanƙara a bakin tabki, babu wutar lantarki. Abin da mai banda ke da shi wuƙa ne, da toka, da gishiri, da itace, da sanin lokaci.

Kifin da ake ci a Arewa ba daga wuri guda yake fitowa ba. Akwai na tabkunan da damina ke cikawa a cikin dallol, wanda masunta ke faɗa wa bayan kaka in ruwa ya fara janyewa. Akwai na manyan tabkunan jihar Tawa, irin su Tabalak da Ɗan Dutsi, waɗanda aka zuba wa irin kifi ya yi ta haihuwa. Akwai na kogi, daga Gaya da kuma ƙasar Kabi a tsallaken iyaka, gidan Sarkawa da Kabawa da suka gaji su kaka da kakanni, inda ake bikin kamun kifin Argungu tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Na teku kuwa a daskare yake zuwa cikin kwali, kuma iyakarsa garin da ke da firji. Wanda ke iya shiga ƙauye kan babur ko amalanke, ya kwana bakwai a rumfa bai canza ba, shi ne banda.

Gwanar banda tun daga saye take fara aikinta. Tana tsaye bakin ruwa jirgi na isowa, ba ta tambayar masunci yaushe ya kama. Sai ta ɗaga murfin da ke gefen kan kifin ta leƙa: in ciki ja ne jawur, na yanzu ne, in ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa yana yauƙi, ya jima a koma. Ta dubi ido, ya zama tar, a cike, ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Ta danna gefen baya da babban yatsa, in naman ya taso ya koma yadda yake, lafiya; in gurbin yatsa ya zauna, sai ta ture shi gefe. Duk wannan ba ya ɗaukar ta tsawon gaisuwa. Kifin da ya mutu a koma tun cikin dare ya kwana a ruwa, ta san ko an banda shi ruɓewa zai yi daga ciki, don haka ko a kyauta ba ta haɗa shi da nata.

Daga nan sai gyara, kuma kowane kifi da irin nasa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai yauƙi, shi ake murjewa da toka ko gishiri har fatar ta daina santsi, don a yauƙin nan ƙarni yake zama. Karfasa a kankare ta, a tsaga gefenta biyu ko uku don zafi ya ratsa. Kurungu sai an karya ƙayoyin nan uku masu tsini na baya da gefe, in ba haka ba su huda hannu, su huda buhu. Giwan ruwa da manyan tarwaɗa gunduwa-gunduwa ake yi da su, kauri ɗaya, don su gasu tare. Wajen fasa ciki ake gane hannun da ya ƙware: a cire hanji ba tare da an fasa maɗaciya ba, domin in ta fashe ɗacin ya shiga nama, babu wankin da zai fitar da shi. Ƙananan tarwaɗa kuma a lanƙwasa su, a haɗa wutsiya da kai, a soke da tsinke. Wannan naɗi ba ado ba ne. Kifin da aka naɗe yana cin wuri kaɗan a kan raga, hayaƙi na ratsa tsakiyarsa, kuma in ya bushe ba ya karyewa a hanya kamar miƙaƙƙe.

Wutar ita ce zuciyar sana'ar, kuma nan ne mai kallo ke ruɗuwa, ya ɗauka gashi ne kawai. Murhun kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: rami ko ginin laka, ko rabin duro, da ragar waya a sama, da tsohon kwano ko tabarma na rufewa. Amma wuta uku ake yi a cikinsa. Ta farko 'yar kaɗan ce, don fatar ta tsane. Wanda ya yi gaggawa ya zuga wuta a wannan lokaci, bayan kifin zai ƙone ya rufe, ruwa ya maƙale a ciki. A ido ya yi kyau, bayan kwana biyu a karya a tarar da tsutsa. Ta biyu mai ƙarfi ce, ita ke dafa naman har ƙashi, mai ya riƙa ɗiga yana tsartsatsi. A nan mai banda ba ta matsawa ko'ina, domin man tarwaɗa in ya zuba kan garwashi wuta na iya tashi ta cinye jarin mako guda. Tana riƙe da ƙoƙon ruwa ko danshin ƙaiƙayi, harshen wuta na ɗagowa ta yayyafa ta kwantar da shi. Ta uku ita ce doguwa, hayaƙi ne kusan zalla, wanda ke janye sauran ruwan a hankali, ya bar wa kifin launi da ƙamshi, ya kuma bar masa abin da ke hana ƙwayoyin ruɓa sakewa. Kifin da za a sayar gobe a kusa, sa'o'i kaɗan sun ishe shi, ya fito da laushi. Wanda zai yi doguwar tafiya kuwa sai ya kwana biyu ko uku ana juya shi, na ƙasa ya koma sama, na gefe ya dawo tsakiya.

Mai banda ba ta da ma'aunin zafi. Tafin hannu take ɗorawa sama da raga ta ji. Ta ɗauki kifi ɗaya ta auna nauyinsa a hannu, ta ƙwanƙwasa shi da farce ta saurara: wanda ya bushe yana amsawa da ƙara, mai sauran ruwa shiru yake yi. Itace ma zaɓensa ake yi. Busasshe mai ƙarfi da ke yin garwashi ake so, wanda hayaƙinsa ba ya ɗaci. Ɗanyen itace baƙi yake shafa wa kifi, ya sa shi maƙaƙi a wuya. Ga shi itace ya yi tsada a Sahel, don haka gwana ita ce mai fitar da kifi da yawa da ɗan ƙunshi kaɗan. Wannan matsala ce ta sa a 1969 aka fito da murhun Corko a Gana, tare da matan wata unguwar masunta ta Akara: faifan raga da ake ɗora wa juna hawa-hawa a kan wuta guda, hayaƙi ɗaya ya yi aikin da a da sai murhu da yawa. Abin da ya burge ni a labarin shi ne, a hannun masu sana'ar aka gyara shi har ya zauna.

Akwai kifi ɗaya da ya dace da ƙasar Arewa fiye da kowanne, wato gaiwa. In tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata kube, ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska, domin tana da huhu. Haka za ta zauna watanni har ruwa ya dawo, tana rayuwa da naman jikinta. Maganar da Hausawa ke yi cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya ce tsantsa. Masu sanin ta suna bin busasshen tabki da rani, su gane 'yar kafar a cikin tsagewar laka, su haƙa su ɗago ta da rai. Ɗanyen kifi ke nan a tsakiyar bazara, a wurin da babu ɗigon ruwa. Wasu ba sa cin ta, wasu kuma ba su haɗa ta da komai.

Aikin bai ƙare da sauke kifi daga wuta ba. Busasshen kifi na da nasa ɓarawon, wani ɗan baƙin ƙwaro da tsutsarsa mai gashi, masu cinye nama su bar fata da ƙaya. Mai gaskiya takan fito da kayanta bayan 'yan kwanaki ta shanya, ta kaɗe, ta sake nuna musu hayaƙi, wasu su barbaɗa barkono. Wahala ce, kuma kowace maimaitawa na rage nauyin kifin. Shi ya sa wasu marasa tsoron Allah ke yanke hanya su fesa masa fiya-fiya, maganin ƙwarin da guba ne ga ɗan Adam. Wannan abu yana ci mini rai, domin yara ne ke shan romon, kuma yana ɓata sunan mata da mazan da ke kwana gaban hayaƙi idanunsu na ruwa. Mai saye ya sa hanci: banda ta gari ƙamshin hayaƙi da mai take yi, ba warin magani ba. Ya karya ɗaya ya duba, ciki ya zama ruwan zuma, a bushe har ƙashi, babu gari na zuba. Mai kaya mai kyau ba ta jin haushin wannan. Ka ce mata, "Inna, in karya?" sai ta ce, "Karya mana, ɗana, ɗanɗana ma," ta miƙo maka da hannunta.

Wanda ke son ɗanye, ya nufi bakin kogi a Gaya da sassafe lokacin da jirage ke dawowa, ko ya jira bayan kaka a kama na tabki, ya sa a soya masa karfasa nan take, da yaji da yankakkiyar albasa. Masu tuya a tashoshin babbar hanyar da ta ratsa Dogondutsi ma suna fitowa da yamma. Amma a cikin gida, banda ce ke riƙe da tukunya. A jiƙa ta da ruwan zafi a wanke ƙura, a ɓare a cire ƙaya, a daka kan tare da daddawar batso da gabu da barkono, a zuba naman daga baya don kada ya narke. Tarwaɗa biyu naɗaɗɗu sun isa su ɗaga miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ta gida mai mutum goma, a ci da tuwon gero, a ɗumama saura da safe.