Madugu Uban Tafiya: Gwanintar Ratsa Tenere Zuwa Bilma

Daga Agadas zuwa Bilma tafiya ce ta kusan kilomita 600, kuma rabinta ko fiye cikin Tenere ake yi, hamadar da mutum zai wuni yana tafe bai ga ko tsinke ba. Duk da haka, kowace shekara idan damina ta ɗauke, wajajen watan Oktoba, Abzinawa irin su Kel Ewey na duwatsun Abzin sukan ɗaura wa raƙuma gero da harawa su nufi gabas sayo gishiri da dabino. Dukiyar ayarin da rayukan mutanensa duk a hannun mutum ɗaya suke, wato madugu.

Aikinsa na farko shi ne kada ya kuskure dausayi. Daga rijiyar da ke wurin sanannen Itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973 har aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, sai an yi sama da kilomita 150 kafin a sake ganin ruwa a Fashi. Fashi kuwa ɗan gari ne a gindin tsauni. Idan madugu ya karkata kaɗan da safe, bayan kwana uku sai ayari ya wuce garin ta gefe ba tare da kowa ya hango ko kan dabino ba, ga salkuna sun bushe.

To da me yake gane hanya? Da dare sama ce littafinsa. A wannan lokaci na shekara, taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta suna fitowa ta gabas bayan faɗuwar rana, sai ya sa su a gaba. Amma tauraro ba ya zama wuri ɗaya. Da kaza ta hau sama ta daina nuna gabas, sai ya koma kan wani da ke fitowa a bayanta, yana kuma duba tauraron arewa, wanda ba ya motsi, ta kafaɗarsa ta hagu. Da rana sai inuwa ta karɓi aikin: ya san inda inuwar raƙuminsa ya kamata ta faɗi da hantsi, da inda za ta koma da la'asar.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun rairayi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ce ke jera tuddan rairayi dogaye, tana kuma zana ƙananan layuka a kan yashi. Madugu ya san yadda ya kamata ƙafar raƙumi ta yanka waɗannan layukan. Don haka ko ƙura ta rufe rana da taurari, ƙasa na gaya masa inda ya dosa. Tsakanin Fashi da Bilma, inda tuddan suka fi yawa, shi ne mai zaɓar kwarin da za a bi da kuma wurin da za a haura ba tare da amale mai kaya ya durƙushe ba.

Sai lissafi. Ayari ba ya tsayawa da rana, domin raƙuma a ɗaure suke jere, akalar wannan a jikin na gabansa, kuma tsayar da su da kaya wahala ce. Akan yi awa goma sha biyar ko fiye ana tafe. A tafe ake dama gero da cuku da dabino a sha, a tafe ake dafa shayi, yaro na lilo da ɗan murhun gawayi yana bin layi yana miƙa kofi. Akan ɗaure bakin raƙuma don kada su cinye harawar da ke bayan 'yan'uwansu, a kuma ajiye wasu dammunan a hanya saboda dawowa. Madugu ne mai cewa a sauka, shi ne mai cewa a tashi, kuma daga tafiyar raƙumi yake gane wanda ya kusa gazawa a rage masa kaya.

A Bilma, Barebari masu haƙar gishiri a ramukan Kalala suna jira da kantu, wanda ake zubawa a kututturen dabino ya daskare, da kuma beza na miya. Daga nan gishirin ya gangaro kudu zuwa Damargu da Damagaram har Kano. Da irin wannan ayari Bature matafiyi Heinrich Barth ya taso daga Abzin a ƙarshen 1850 ya nufi ƙasar Hausa.

Ba a makaranta ake koyon wannan ilimi ba. Yaro ne ke bin mahaifinsa ko kawunsa shekara da shekaru, yana jan akala yana kallo, kafin wata rana a yarda ya shige gaba. Yau manyan motoci sun kwashe kaso mai yawa na cinikin, na'urar GPS kuma tana nuna hanya, sai dai ba ta san wane raƙumi ne ya gaji ba. Dattawan madugai na nan a Timiya da Agadas. Ya kamata masu bincike a jami'o'in Nijar da Najeriya su je su zauna da su, su naɗi abin da suka sani tun suna raye.