Zanen motocin tsere: fasaha ake saye ko sunan mota?

Kowace shekara, idan aka buɗe baje-kolin tsofaffin motoci na Rétromobile a birnin Paris, wanda aka fara tun 1976, ba motoci kaɗai ake cinikinsu ba. A gefensu akwai rumfunan masu zane, inda attajirai ke neman hoton Bugatti ko Ferrari da aka zana da hannu. A Amurka ma masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu, Automotive Fine Arts Society, sun kuma sha baje ayyukansu a bikin motoci na Pebble Beach. Kasuwa dai ta kafu. Abin tambaya shi ne: mai tara waɗannan zane-zane, gwanintar mai zane yake biya, ko kuwa sunan motar?

Wannan fanni a gidan talla da jarida aka haife shi. Ernest Montaut, Bafaranshen da ya rasu a 1909, shi ne ya yi fice wajen nuna gudu a kan takarda: yakan miƙar da gaban mota, ya karkata ƙafafunta, ya ja layuka da ƙura a bayanta. Bayan rasuwarsa matarsa Marguerite ta ci gaba da aikin da sunan Gamy. Sai dai yawancin abin da suka bari bugun ɗab'i ne da aka shafa wa launi da hannu. A nan ne mai tarawa ke fara tuntuɓe, domin tsohon bugu daban, zanen asali daban. Na farko yana da ƴan'uwa masu yawa. Na biyu tilo ne, har ana ganin sawun buroshi da gyaran da mai shi ya yi.

Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Georges Hamel, da aka fi sani da Géo Ham, haifaffen Laval a 1900, wanda ya rasu a 1972. Ya yi wa mujallar L'Illustration zane, ya tsara takardun tallar tseren Monako a shekarun 1930, da na Le Mans a shekarun 1950. Shi kansa ya shiga tseren Le Mans na awa 24 a 1934. Wannan ya bayyana a aikinsa. Motarsa ba ta tsaye don a yaba ƙirarta. Tana shan kwana, direba ya sunkuya, gidaje da ƴan kallo sun narke sun zama ɗigon launi. Abin da ya zana shi ne yadda ido ke kasa riƙe abu mai gudu, kuma wannan tambaya ce ta fasaha, irin wadda Giacomo Balla na Italiya ya yi fama da ita wajen 1913.

Mafi yawan abin da ake kai wa kasuwa bai kai nan ba. Ana kwaikwayon hoton kyamara, a goge jikin mota har ya yi ƙyalli, a tabbatar kowace fitila tana inda take. Mai saye kuwa sau da yawa mai irin motar ne, ko mai mafarkin mallakarta. A 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955 kan yuro miliyan 135; wanda bai iya wannan ba sai ya rataye hotonta. Ta haka darajar zane take bin darajar ƙarfe: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Akwai gwaji mai sauƙi. A rufe tambarin kamfanin da tafin hannu, a sake duba zanen. Idan har yanzu haske da launi da tsarin suna riƙe ido, an yi aiki. Idan babu abin da ya rage, talla ce aka sa wa firam.

Babban raunin fannin shi ne abin da yake ɓoyewa. Ranar 11 ga Yuni 1955, a Le Mans, wata 300 SLR da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi ta faɗa cikin ƴan kallo, mutum fiye da 80 suka halaka. Kyan wannan mota kyan ɗan maciji ne, amma ɗakin attajiri ba ya son a tuna masa da hakan. Haka makanikai da leburorin masana'anta ba safai suke samun wuri a allon ba. Mutanen Agadas sun san irin wannan mantuwa: tseren Paris-Dakar ya sha ratsa Tenere, har Porsche 959 ta lashe shi a 1986, amma a idon mai sha'awar mota hamada shimfiɗa ce kawai da aka yi don a ga ƙura. Zanen da ya nuna gudu ya manta da wanda aka bi ta ƙofar gidansa, rabin labari ya faɗa.

Duk da haka ba a yi wa fannin adalci ba idan aka ce duk hidimar masu kuɗi ne. Hervé Poulain, mai gwanjon kayan fasaha kuma direban tsere, ya juya lamarin a 1975, lokacin da ya sa Alexander Calder ya fente jikin BMW 3.0 CSL, aka kai ta Le Mans. Mota ta zama allon zane. Andy Warhol ya biyo baya a 1979, sannan a 1991 Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu ta lulluɓe wata BMW da adon bangon gidajen Ndebele. Ko a nan kamfani ya ci ribar talla, amma hannun mai zane ne ya rinjayi tambari.

Malamin da ke son koya wa ɗalibai karanta hoto zai sami abin aiki a nan. Ya ajiye takardar Géo Ham kusa da zanen kasuwa mai ƙyalli, ya tambaye su: wa ya biya kuɗin aikin, me aka haskaka, wa aka bari a waje? Mai tarawa da ya saba yi wa kansa waɗannan tambayoyi kafin ya buɗe aljihu, shi ne zai bar wa magadansa taskar fasaha. Wanda bai yi ba, garejin takarda ya gina.