Renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin faranti

Idan tsohuwa a Dogondutsi ko Tibiri ta fara mance sunayen jikokinta, ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. Sau da yawa kuwa cuta ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. To, ba a tsaga kan mai rai don a leƙa ciki. Shi ya sa masana irin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe mai bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, wanda ya kafa cibiyar BioRTC a Damaturu a 2021, suke renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum a waje.

Da yardar mai ita, ake gutsuro 'yar fata da ba ta kai ƙwayar wake ba, ko a ɗebi jini. A sa a faranti da wani jan ruwa mai abinci, a shigar cikin akwati mai ɗumin jiki, digiri 37. Idan ƙwayoyin sun yaɗu, sai a cusa musu ƙwayoyin gado huɗu, dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006. A hankali ƙwayar fata ta fara mance sana'arta, ta koma ɗanya, mai iya zama kowace gaɓa.

A nan gwaninta take. Bayan makonni curi-curi suke fitowa, amma ba duka ne na kirki ba. Mai aikin yana zaune, ido a madubin likita, hannu cikin safar roba, riƙe da fifet, wato ɗan bututun zuƙar ɗigo. Curi mai santsin gefe da ƙwayoyi a matse ya ɗauke, mai bajajjen baki ya kankare, kamar mai tsince tsakuwa daga gero. Kullum sai an sauya ruwan. Idan ya koma rawaya, ya yi tsami. Su ƙwayoyin ba su san Juma'a ko Salla ba, kuma mai cewa "sai gobe" yakan tarar da aikin wata uku ya mace. Daga nan a bi da su da sinadarai bi da bi har su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, su fitar da dogayen jijiyoyi, a shafa musu rini mai ƙyalli don ganin tau, furotin da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar.

Sannan a karanta DNA, haruffa huɗu a jere har biliyan 3. Ana duban ƙwayar gado APOE, domin nau'inta na 4 yana ƙara haɗarin cutar ga Turawa. Amma binciken Ibadan da Indianapolis, da aka fara a 1992, ya nuna tasirinsa bai kai haka ba ga Yarbawa. Ga shi yawancin gadon da aka karanta a duniya na Turawa ne. Don haka ƙwayar Bahaushe, Babarbare ko Bafulatani sai a ajiye ta kusa da ta Bature, dukansu masu nau'i na 4, a gwada yadda tau ɗin kowacce yake taruwa.