Shagon Ramen na Unguwa a Japan: Nazarin Wata Al'adar Ci

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa a wata unguwa ta Tokyo ko Osaka ko Fukuoka, da wuya ya yi tafiyar minti biyar bai ci karo da ɗan shago mai guntun labule a ƙofa ba, ƙamshin romo yana tashi daga ciki. Shagon ramen ke nan. Ramen taliyar alkama ce a cikin romo mai zafi, a ɗora mata yankan nama da dafaffen ƙwai da lawashin albasa. Kwano ɗaya ne tal, amma a kewayensa Japanawa sun gina al'ada sukutum, tun daga yadda ake shiga har yadda ake tashi. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, ginshiƙin al'adar wata amana ce tsakanin mai shago da mutanen unguwarsa. Shi zai ba da wuninsa da ƙwarewarsa a kan farashin da ɗan ƙwadago zai iya biya. Su kuma za su ci da zafinsa, su tashi su ba wani wuri, gobe su dawo. A yau wannan amana tana cikin matsi.

Asalinsa

Ramen baƙo ne a Japan. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga fataken waje a 1859, mutanen Sin suka zo suka kafa unguwarsu, suka zo da taliyarsu ta cikin romo. A 1910 wani tsohon ma'aikacin kwastan mai suna Ozaki Kan'ichi ya buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, ya ɗauko masu girki 'yan Sin daga Yokohama. Masu tarihin abinci da yawa daga nan suke fara ƙirga shagunan ramen na Japan. Leburori da ma'aikatan masana'antu da ɗalibai su ne suka fara riƙe shi, domin yana da arha, yana da maiƙo, kuma ba ya ɓata lokaci.

Yunwa ce ta kafa shi da gindinsa. A 1945 Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, biranenta sun ƙone, noman shinkafa kuma ya yi mummunar faɗuwa a shekarar. Amurka, wadda ta mamaye ƙasar, ta riƙa shigo da alkama mai yawa. Wani kaso na garin ya sulale zuwa kasuwannin bayan fage da ke bakin tashoshi, inda masu rumfuna da masu tura kura suke dafa taliya su sayar wa mutanen da ba su da komai. Da tattalin arziki ya farfaɗo, samari suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka zuwa birane don aikin gini da na masana'anta, har da gine-ginen wasannin Olamfik na Tokyo na 1964. Mafi yawansu gwauraye ne da ba su da mai dafa musu. Shagon ramen ya zame musu madafi.

A 1958 Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya fito da busasshiyar taliya ta cikin leda da ake jiƙawa da ruwan zafi, sannan a 1971 ya fito da ta cikin kofi. Daga wannan ƙirƙira ne indomin da ake ci a Kano da Zariya da Maraɗi ta samo asali, ta hanyar Indonesiya. Sai dai wanda ya san indomi bai san ramen na shago ba tukuna. Ita a minti kaɗan ake haɗa ta, shi kuwa romonsa kaɗai yakan ci wuni.

Abin da ke cikin kwano

Abu biyar ne suke haɗa kwano. Na farko romo, wanda ake yi da ƙashin kaza ko na alade, ko busasshen kifi da ganyen teku, ko a gauraya su. Na biyu tare, wato ruwan ɗanɗano mai kauri da ake zubawa a gindin kwano, kuma shi ne yake raba manyan nau'o'i uku: shoyu na tsimammen ruwan waken soya, shio na gishiri, da miso na niƙaƙƙen waken soya da aka tsima. Na uku mai ko kitse mai ƙamshi da yake yawo a saman romo yana riƙe zafi. Na huɗu ita taliyar, wadda ake kwaɓawa da kansui, wani ruwa mai sinadarin kanwa da yake ba ta launin ɗorawa da danƙo. Na biyar kayan sama: nama, ƙwai, tsimammen tohon gora, da busasshen ganyen teku.

Mai son gane wannan sana'a sai ya zauna a kantar shago ya zuba wa hannun mai girki ido. Da farko zai ɗauraye kwano da ruwan zafi don kada ya sanyaya romo. Zai auna tare da ɗan ƙaramin ludayi, ya bi shi da mai. Ga taliya can a cikin ƙananan kwandunan waya, rataye a tukunyar ruwa mai tafasa, agogo yana ƙirga mata daƙiƙa. Gab da nunarta sai ya kwarara romo a kwano, ya ciro kwando, ya girgiza shi da ƙarfi sau biyu ko uku har ruwan ya tsane, domin ragowar ruwa tana tsinka romo. Sai ya juye, ya sa dogayen tsinkaye ya ɗaga taliyar ya kwantar da ita a jere, ya jera nama da ƙwai, ya miƙo kwano da hannu biyu. Wannan duka bai wuce 'yan mintoci ba. Amma tukunyar da ya ɗebo romo daga ciki tun da asuba take kan wuta, ko ma tun jiya, yana kwashe kumfa yana gyara wuta. Shi ya sa shaguna da yawa suke rufewa da zarar romo ya ƙare, ko da akwai mutane a layi. Mai shagon kirki ba ya ƙara ruwa don ya ƙara ciniki.

Ladubban zama

A shaguna da yawa, na'urar sayar da tikiti ce take fara tarbar mutum a bakin ƙofa. Ya sa kuɗi, ya danna abin da yake so, ya miƙa tikiti. Hikimar ita ce mai girki ba zai taɓa kuɗi da hannun da yake taɓa abinci ba, kuma ba sai ya ɗauki mai karɓar kuɗi ba. Ana shiga za a ji "irasshaimase", wato maraba da zuwa. Kujeru ba su da yawa, sau tari goma ne ko sama da haka kaɗan, jere a gaban kanta, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ruwan sha kowa yakan zuba wa kansa. Kafin a fara ci akan ce "itadakimasu" don nuna godiya, idan an gama a ce wa mai shago "gochisosama deshita". Ba a ba da tukwici.

Sharɓar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ce a nan. Iskar da ake zuƙa tare da ita tana rage zafi, tana kuma ɗago ƙamshin romo. Abin da ake ƙyama shi ne jinkiri. Taliya tana ci gaba da shan romo tana kumbura, don haka wanda ya tsaya danna waya ya ɓata aikin da aka auna masa da daƙiƙa, ya kuma tsare kujerar wanda yake tsaye a waje. A teburin mai shayi, hira rabin cinikin ce, mutum yana iya shanye kofinsa ya zauna har dare. A kantar ramen kuwa, girmama mai shago shi ne ka ci ka tashi. Wannan ba ya nufin babu zumunci. Mai shago ya san wanda yake son taliyarsa da ɗan tauri, ya san wanda ba ya son kitse, kuma zai yi masa yadda yake so ba tare da an sake faɗa ba. Haka kuma babu kunya ga mai cin abinci shi kaɗai, abin da ke da muhimmanci a biranen da mutane da yawa suke zaune su ɗaya.

Kowane gari da kwanonsa

Da yake shagon na unguwa ne, kowane gari ya juya ramen daidai da yanayinsa da sana'ar mutanensa. A Sapporo, can arewa inda dusar ƙanƙara take rufe gari, miso ne ya yi suna, da mai a sama mai riƙe zafi. A Hakodate romon gishiri ne mai garau. A tsibirin Kyushu ana tafasa ƙashin alade har romo ya yi fari fat, salon da ake danganta farkonsa da garin Kurume, inda wata rumfa ta fara sayarwa a 1937. A unguwar Nagahama ta Fukuoka, ma'aikatan kasuwar kifi ba su da lokacin jira, sai aka riƙa yi musu siririyar taliya mai saurin nuna. Da yake siririya tana saurin laushi, sai a zuba kaɗan, wanda bai ƙoshi ba ya ce "kaedama", a ƙaro masa sabuwa a cikin ragowar romonsa. A Kitakata da ke jihar Fukushima da ramen wasu suke karin kumallo. A Yamagata har mai sanyi ake yi lokacin zafi. A Yokohama, wani tsohon direban babbar mota ya buɗe Yoshimuraya a 1974, da romo mai nauyi da taliya mai kauri, daidai cikin direbobi da ma'aikatan masana'antu.

Sana'ar kuma ta hannu ake gadonta. Yaro zai yi shekaru a ƙarƙashin maigida yana wanke ƙashi da tukwane kafin a bar shi ya taɓa taliya. Idan ya ƙware, maigida ya yaye shi, wani lokaci har ya ba shi izinin rataya sunan gidan a labulen sabon shagonsa. Ta haka Yoshimuraya ta haifi zuriyar shaguna, haka ma Taishoken, wanda Yamagishi Kazuo ya buɗe a Higashi-Ikebukuro a 1961, ya yi suna da taliyar da ake kawowa dabam ana tsomawa a romo.

Ɗaukaka da illolinta

Daga shekarun 1980 abincin leburori ya zama abin alfaharin ƙasa. Fim ɗin Tampopo na Itami Juzo ya fito a 1985, a kan wata bazawara mai fafutukar gyara shagonta. A 1994 aka buɗe gidan tarihin ramen a Shin-Yokohama. A ƙarshen 2015 shagon Tsuta na unguwar Sugamo ya zama na farko a shagunan ramen da ya sami tauraron Michelin. Wannan ɗaukaka ta ƙara inganci, ta jawo haziƙan matasa cikin sana'ar. Amma ta zo da nata illolin. Shagon da ya yi suna sai layinsa ya cika da masu yawon buɗe ido, ma'aikacin da yake da hutun awa ɗaya ya haƙura. Manyan kamfanoni masu rassa kuma suna dafa romo a masana'anta su rarraba, ɗanɗanon Tokyo da na Osaka ya zama ɗaya.

Al'adar kanta ba ta rasa aibi ba. Gishiri da kitse sun yi yawa a kwanon, likitoci suna gargaɗin kada a shanye romo kullum. An daɗe ana kallon kantar ramen a matsayin wurin maza, duk da cewa hakan yana sauyawa. Sannan arhar da ake yabo a kan gadon bayan mai shago take, mutumin da yake tsaye cikin tururi daga asuba zuwa dare.

A nan matsalar yau take. Japanawa suna da abin da suke kira bangon yen dubu, wato tunanin cewa kwanon ramen bai kamata ya wuce yen 1,000 ba. Amma alkama da nama da gas da lantarki da albashi duk sun tashi. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta fito da sababbin takardun kuɗi, dole shaguna suka sauya na'urorin tikiti ko suka gyara su da kuɗi mai tsoka. Kamfanin bincike na Teikoku Databank ya ƙirga masu shagunan ramen 72 da suka karye a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wannan ban da tsofaffin shagunan miji da mata, masu haɗa ramen da soyayyiyar shinkafa, waɗanda suke rufewa shiru domin masu su sun tsufa, 'ya'ya kuma sun kama wasu ayyuka.

Ga Musulmin da ya je Japan akwai abin lura. Mafi yawan ramen akwai alade a cikinsa, ko a nama ko a romo ko a kitse, kuma sau da yawa akan sa giyar shinkafa a cikin tare. Ko an ce romon kaza ne, sai an tambaya. Akwai shagunan halal a Tokyo da Kyoto da Osaka, masu amfani da kaza ko kifi ko naman sa, su ya kamata a nema.

Kammalawa

Gidan tarihi yana iya adana hoton ramen, tauraro yana iya yaɗa sunansa a duniya, amma al'adar tana raye ne kawai a inda mai dafawa ya san mai ci. Yunwa ce ta haife ta, 'yan ƙwadago suka rene ta, arha kuma ta zama alamarta. Sai dai arhar da take cinye mai ita ba za ta ɗore ba. Idan mutanen unguwa suna son gobe su tarar da labulen nan a rataye, wajibi ne su yarda su biya romon da aka wuni ana dafa musu kuɗin da ya cancanta, ko da ya haura yen dubu. In ba haka ba, ramen zai ci gaba da samuwa a ko'ina, amma na masana'anta ne zai rage, shagon unguwa kuwa ya tafi ke nan.