Ƙofar Baya: A Bar Wa Pete Carril Nasa

Duk lokacin da aka ambaci salon Princeton a ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, sai wani ya taɓe baki ya ce ai jan ƙafa ne, dabarar marasa ƙarfi masu cinye lokaci don kada a yi musu ruwan ƙwallaye. Mai wannan magana allon maki ya kalla, bai kalli fili ba.

Tarihin Pete Carril, kocin da aka san wannan salon da shi, ba ya buƙatar dogon zance. An haife shi a 1930 a Bethlehem ta jihar Pennsylvania, mahaifinsa ɗan ci-rani ne daga Sifen mai aiki a masana'antar ƙarfe. Gajere ne, amma ya buga wa kwalejin Lafayette a hannun Butch van Breda Kolff. Ya horar da 'yan sakandare shekaru da dama, ya yi shekara guda a Lehigh, sannan a 1967 ya gaji malaminsa a Princeton. Ya yi shekara 29 a can, ya ci wasa 514, a makarantar da ba ta ɗaukar nauyin karatun kowa don iya wasansa.

Abin da nake karewa shi ne ƙofar baya. Dogon ɗan wasan da kowa ya saba gani a gindin kwando, Carril fito da shi yake yi zuwa wajen layin jifan kyauta, ya ba shi ƙwallo, ya mai da shi mai rabo. Da ya fito, mai tsaronsa ma dole ya biyo shi, gindin kwando ya zama wayam. Sauran huɗun su baje a gefe. Ɗan gefe ya taho kamar zai karɓi fasin. Mai tsaronsa, da zumuɗin ƙwace, ya miƙa hannu ya zarce da taki guda. Wannan takin ake jira. Sai ɗan gefen ya dasa ƙafa, ya juya ta bayan mai tsaron, ya sheƙa kwando, ƙwallo ta doki ƙasa ta taso masa a hannu. Ba kocin ne ke kiran motsin daga benci ba. Mai gudu da mai jifa ne za su karanta kafaɗar abokin hamayya a lokaci guda, ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Saboda haka gwanin tsaro, mai zafin nama, shi ya fi faɗawa tarkon. Malalacin da ya tsaya a baya sai a yi masa jifa daga nesa.

A duba daren 14 ga Maris 1996 a Indianapolis. UCLA ce ke riƙe da kofin ƙasa, tana gaban Princeton da 41 da 34, daga nan ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. An yi kunnen doki, lokaci na ƙarewa. Gabe Lewullis na Princeton, ɗan shekarar farko, ya yanka ƙofar baya, Charles O'Bannon na UCLA ya tare. Ya koma gefe kamar ya haƙura. O'Bannon ya biyo shi, sai ya sake yankawa, Steve Goodrich ya zura masa ta ƙasa, saura daƙiƙa 3.9. An tashi 43 da 41. Yanka na biyun nan ne ya tafi da ni: yaro ya san an gano shi, ya maimaita duk da haka, don ya lura mai tsaron ya saki jiki.

Masu cewa sa'a ce, su tuna 1989, lokacin da Georgetown ta John Thompson ta sha da ƙyar a hannun Princeton da 50 da 49, sai da Alonzo Mourning ya doke jifa biyu a ƙarshe. Ɗan Thompson ɗin kansa, John Thompson III, a hannun Carril ya buga, kuma da wannan salon ya kai Georgetown zagayen kusa da na ƙarshe a 2007, da zaratan 'yan wasa. Ina batun marasa ƙarfi?

Ni dai na daɗe da yarda cewa kocin da jiki bai yi masa gata ba ya fi gani. Wanda ya saba tsallake kan mutane ba ya buƙatar lura da inda ƙafar mai tsaro ta karkata. Carril ya yi wasansa yana kallon kowa daga ƙasa, sannan ya yi shekaru da yaran sakandare waɗanda sai an koya musu yadda ake jefa wa juna ƙwallo. Ko a Sacramento Kings, inda ya zama mataimakin koci bayan ya bar Princeton, abin da aka gani ke nan: Vlade Divac da Chris Webber tsaye nesa da kwando, ƙwallo a hannu, suna jiran wani ya zame ta baya.