Hanyoyin Rubuta Hausa a Wayar Shafa: Nazari Daga Parakou da Djougou

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe a arewacin Jamhuriyar Benin. Djougou tana kan tsohuwar hanyar fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, Parakou kuma tana da unguwar Zongo. A waɗannan garuruwa Hausa tana zaune ne tare da Dendi da Barbanci, harshen makaranta da ofis kuwa Faransanci ne. Saboda haka Bahaushen da ya iya karatun boko a can, ƙa'idar Faransanci ya koya. Sunayen garuruwan ma shaida ne. Tourou, wani gari a gefen Parakou, da Bakano ne ya rubuta shi, da "Turu" za a gani. Haka ake cin karo da "sannou" da "tchiniki" a saƙonnin waya. Manufar wannan takarda ita ce ta kwatanta hanyoyi huɗu na shigar da rubutu a wayar shafa. Ma'aunin da aka ɗauka ɗaya ne: wace hanya ce ta fi kiyaye ƙa'idojin rubutun Hausa?

2.0 Danna haruffa ɗaya bayan ɗaya

Wannan ita ce hanyar da ta yaɗu tun fitowar iPhone a 2007. Wayar da aka saita da Faransanci tana zuwa da tsarin AZERTY, ta Ingilishi kuma da QWERTY. Dukansu ba su tanadi haruffa masu ƙugiya ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar a madadin 'y ta Nijeriya. Laifin ba na wayar ba ne, domin haruffan suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Abin da ake bukata shi ne allon da ya san Hausa, kamar Gboard na kamfanin Google, wanda ya fito a 2016, ko Keyman na ƙungiyar SIL. Hanyar ba ta da sauri, amma mai rubutu ne ke da iko a kan kowane harafi. Idan ya so "ƙafa" ba za a ba shi "kafa" ba.

3.0 Hasashen kalma da gyara kai-tsaye

Hasashen kalma ya girmi wayar shafa, don an san shi tun zamanin T9 a wayoyi masu maɓalli. Ingancinsa ya dogara ga ƙamus ɗin da ke cikin wayar. In ƙamus ɗin na Faransanci ne, kowace kalmar Hausa baƙuwa ce a wurinsa, sai ya musanya ta da wadda ya sani. Ko da na Hausa ne, akwai wata illa: allon yana koyo daga mai shi. Wanda ya saba rubuta "yace" da "zanzo" a haɗe, su wayar za ta riƙa miƙo masa. Ta haka kuskuren raba kalma yake samun gindin zama.

4.0 Jan yatsa

A nan mai rubutu yana jan yatsarsa ne a kan haruffan kalma ba tare da ya ɗaga ba. Manhajar Swype ce ta yi fice da wannan daga 2009, kafin a daina ta a 2018, amma dabarar ta wanzu a sauran alluna. Ta fi danna haruffa sauri, sai dai ta fi su haɗari ga Hausa. A allon da ƙ take ɓoye a ƙarƙashin k, sawun yatsa ɗaya ne ga "baki" da "baƙi", haka ma "fada" da "faɗa", da "bari" da "ɓari". Ninkin baƙi ma yakan ɓace, domin "baba" da "babba" hanyarsu guda. Ƙamus ne ke yanke hukunci, shi kuwa ya fi karkata ga kalmar da aka fi yawan rubutawa.

5.0 Murya

Hanyar murya iri biyu ce. Ta farko ita ce saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Ga mai ciniki wanda Hausarsa a baka take, karatunsa kuma na allo ne ko na Faransanci, babu abin da ya kai shi sauƙi. Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko ba ya nunawa, suna isa kunnen mai sauraro yadda aka furta su. Sai dai ba a rubuta komai ba. Ta biyu ita ce mayar da magana rubutu, wadda Google ya sanar da shigar da Hausa cikinta a 2024. Wannan ci gaba ne. Amma na'urar harshe ɗaya take sa ran ji, mai magana a kasuwar Parakou kuwa yakan sirka Hausa da Dendi da Faransanci a jimla guda. Hayaniyar kasuwa ma tana rage ingancinta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gwargwadon saurin hanya, gwargwadon yadda take karɓe zaɓi daga hannun mai rubutu ta miƙa wa ƙamus. Ga ɗan kasuwa wannan ba komai ba ne, muddin abokin ciniki ya fahimta. Ga ɗalibin harshe kuwa hasara ce, domin bambancin da ake koya masa a aji shi ne na farko da ke salwanta. Saboda haka danna haruffa a allon Hausa, tare da kashe gyara kai-tsaye, shi ya fi dacewa da mai koyo. Jan yatsa da murya sai bayan ido ya iya gane kuskure. Akwai kuma dalilin da ya wuce aji: ƙamus ɗin waya daga rubutun mutane ake gina shi. In ɗalibai a Parakou da Kano da Maraɗi suka ci gaba da zubar da ƙugiya, wayoyin gobe ma haka za su rubuta Hausa.